Sarkin da Ba Ya Jin "A'a" Gadonsa Ba Ya Daɗewa

Duk wanda ya bi tarihin sarakunan duniya a natse zai ga abu guda yana maimaituwa: gidan sarautar da ya yarda doka ta taka masa birki shi ke daɗewa, wanda ya ƙi kuwa yakan rushe a kan mai shi.

Mu fara da Ingila. A shekarar 1215 manyan hakimai suka tilasta wa Sarki John ya buga hatiminsa a takardar da ake kira Magna Carta, wadda ta ce ba za a ɗaure ɗa mai 'yanci ba sai da hukuncin shari'a. Bayan shekara fiye da 400, Sarki Charles na Ɗaya ya yi shekara 11 yana mulki bai kira majalisa ba, yana karɓar haraji yadda ya ga dama. Aka gwabza yaƙin basasa, aka fille masa kai a Landan a 1649. A 1689 Sarki William da Sarauniya Mary suka amince cewa babu haraji sai da yardar majalisa. Ga shi har yau akwai sarki a Ingila.

A Faransa kuwa, majalisar wakilan ƙasa ta yi shekara 175 ba ta zauna ba. Sai da baitulmali ya bushe Sarki Louis na 16 ya kira ta a 1789. Lokaci ya riga ya ƙure: juyin juya hali ya ɓarke, aka kashe shi a 1793. Haka Sarkin Rasha Nicholas na Biyu ya yarda da majalisa bayan boren 1905, amma ya rushe ta a 1906, ya sake rushe sabuwar a 1907. Ya sauka daga gado a 1917, aka hallaka shi da iyalinsa a 1918.

Kada a ce wannan labarin da ne. A yankin tsaunukan Himalaya akwai ƙananan ƙasashe biyu, Nefal da Butan. A 2005 Sarki Gyanendra na Nefal ya kori gwamnati ya haɗe iko duka a hannunsa. A 2008 aka soke sarautar baki ɗaya. A wannan shekarar ce Butan ta yi zaɓen majalisarta, bisa tsarin da Sarki Jigme Singye Wangchuck ya kawo da kansa kafin ya sauka ya bar wa ɗansa gado. Sarautar Butan tana nan daram.

Wani zai ce, ai Louis na 14 ya yi shekara 72 a gadon Faransa ba mai ja da shi, kuma ya mutu a kan shimfiɗarsa. Gaskiya ne. Sai dai yaƙe-yaƙensa da gine-ginensa sun bar wa ƙasar tulin bashi, magadansa suka ƙara a kai, har ya faɗo wa Louis na 16. Sarkin da ba a iya gaya wa gaskiya yana iya tsira, amma na bayansa su za su biya.

Me ya kawo wannan magana a bangon makarantarmu? Mu ma muna da ƙananan sarakuna: monitocin aji da shugabannin ɗalibai. Ra'ayinmu shi ne a rubuta iyakar ikonsu a manna a inda kowa zai karanta, a kuma ware malami guda da ɗan aji ɗaya zai kai masa ƙara ba tare da tsoron bulala ba. Wannan zai kare ƙananan yara, ya kuma kare mutuncin shugabannin kansu. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mai riƙe da sanda bana ya tuna cewa baɗi wani ne zai karɓe ta.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta