Ba Kowane Ƙwanso Ne Katantanwa Ba

A cikin dutsen farar ƙasa na Kalambaina, kusa da Sakkwato, ana samun ƙwanson notiloyid, halittar da ta rayu sa'ad da teku ya rufe yankin, kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce. Kiransa katantanwa kuskure ne, domin cikinsa ɗaki-ɗaki yake, kuma wani siririn bututu yana ratsa bangayen, galibi ta tsakiya. Layukan da bangayen suka bari a jikinsa ba su da sarƙaƙiya, saɓanin na amonait masu cukurkuɗewa. Wajibi ne masana Hausa su zauna da masana duwatsu su raɗa wa waɗannan sassa sunaye, tun kafin a niƙe shaidar a mayar da ita siminti.