Kada Mu Yanke Wa Yaro Hukunci Da Faɗuwar Farko

A ranar 30 ga Agusta 2024, a filin tseren motoci na Monza da ke ƙasar Italiya, kamfanin Mercedes ya damƙa wa wani saurayi motarsa ta Formula 1 domin ya gwada ta a gaban jama'ar ƙasarsa. Sunan saurayin Andrea Kimi Antonelli, kwana biyar ke nan da cikarsa shekara 18. Bai yi fiye da minti goma yana gudu ba sai motar ta ƙwace masa a wata kwana, ta je ta daki shinge. Allah ya kiyaye, ya fito lafiya. Washegari kuwa Mercedes ta sanar wa duniya cewa shi ne zai gaji Lewis Hamilton, wanda ya zama zakaran duniya har sau bakwai, ya kuma shirya komawa Ferrari.

Mutane da yawa sun ce an yi garaje. Mu dai a ganinmu shugabannin Mercedes sun yi daidai, kuma akwai darasi a ciki ga ɗalibai da malamai da iyaye.

Da farko ya kamata mu san irin wannan wasa. Formula 1 ita ce ƙololuwar tseren motoci a duniya. A 2025 direbobi ashirin kawai ke cikinta, motocinsu kuma kan wuce gudun kilomita 300 a awa. Ba a shiga da rana tsaka. An haifi Antonelli a birnin Bolonya a 2006, mahaifinsa ma direban tsere ne. Tun yana ƙarami ya soma da 'yan ƙananan motocin nan da ake kira kart. Mercedes ta ɗauke shi cikin yaran da take reno a 2019. A 2022 ya ci gasar Formula 4 ta Italiya da ta Jamus. A 2023 ya ci wasu gasa biyu na matakin da ke gaba, a 2024 kuma ya ƙare na shida a Formula 2. Ashe waɗanda suka zaɓe shi sun yi shekara biyar suna kallon aikinsa. Minti goma na ranar Monza ba su isa su shafe shekara biyar ba.

Shekararsa ta farko, wato 2025, ta zo da zaƙi da ɗaci. A tseren farko a Ostireliya, cikin ruwan sama, ya tashi daga na 16 ya ƙare na huɗu. A Japan ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa jan gaba a tseren Formula 1. A Kanada cikin watan Yuni ya zo na uku. Amma a tsakiyar shekara abubuwa sun dagule masa. A Ostiriya ya yi kuskure wajen taka birki a zagayen farko, ya buge motar Max Verstappen, dukansu biyu suka fita daga tseren. Bai ɗora wa kowa laifi ba, ya je ya ba da haƙuri. Zuwa watan Nuwamba ya farfaɗo, har ya zo na biyu a Brazil. Ya rufe shekarar yana na bakwai da maki 150.

Masu suka suna da hujja, ba za mu ɓoye ta ba. Abokin aikinsa George Russell, da mota iri ɗaya, ya ci tsere biyu a wannan shekara, makinsa kuma ya ninka na Antonelli. An kuma tsallakar da yaron daga matakin Formula 3 gaba ɗaya, alhali da rarrafe yaro kan tashi. Sai dai Russell ya shiga Formula 1 tun 2019. Wane malami ne zai auna ɗan aji ɗaya da mudun ɗan aji shida? Abin dubawa ga sabon shiga shi ne ko yana koyo daga kuskurensa, kuma ƙarshen shekarar ya nuna yana koyo. Shi ya sa Mercedes ta riƙe shi domin 2026, shekarar da aka sauya dokokin ƙera motoci da injuna, inda tsoho da sabo duk sai sun sake koyon mota.

Akwai wani abu da ya fi burge mu. Bayan ya dawo daga Kanada da kofinsa, sai ya zauna jarrabawar gama sakandare kamar sauran 'yan ajinsa, ya kuma ci. Saurayin da duniya ta riga ta san sunansa bai raina takardar makaranta ba. Ɗalibin da ke ganin ƙwallo ko waƙa ko kasuwanci sun ishe shi, har yana gudun aji, sai ya yi tunani a kan wannan.

'Yan'uwa, mu tuna da Yohanna Markus. Ya bi Bulus da Barnaba aikin bishara, ya bar su a Bamfiliya ya koma gida. Da za a sake tafiya Bulus ya ƙi ɗaukarsa, Barnaba kuwa ya tafi da shi Kubrus. A ƙarshe Bulus da kansa ya aika a zo masa da Markus, don ya ga amfaninsa. Da ba a sami Barnaba ba, da ikkilisiya ta yi babbar asara.

Kowace shekara muna da ɗaliban da kan faɗi jarrabawar zangon farko, ko su yi laifin da ya kai su gaban shugaban makaranta. Horo wajibi ne, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma bayan horo, muna roƙon malamai da iyaye su duba dukan tarihin yaro kafin su fid da rai. Ku kuma ɗalibai, in an ba ku dama ta biyu, ku amsa laifinku, ku koma bakin aiki da himma. Ubangiji ya ba mu haƙurin reno, ya kuma sa albarka ga masu fita a bana.