Ɗalibi, nemi tambaya kafin ka nemi take

Duk shekara, idan ɗaliban ajin ƙarshe na lisans suka zo zaɓen abin da za su yi bincike a kai, sai ka ji take manya-manya: "Talauci a Afirka", "Sauyin yanayi a Sahel". Ƴan watanni ne a hannun ɗalibi, aljihunsa ko kuɗin mota zuwa Dogon Dutsi babu, amma ya ɗauko nahiya guda ya ɗora a ka. Ƙarshenta kowa ya sani: lokaci ya ƙure, ya nemo tsohon memuwar na wani, ya sauya sunan gari da shekara, ya kai wa malam. Takarda dai ta samu, ilimi kuwa ko oho.

A ganina tun ranar farko ake yin ɓatan kai. Bincike da tambaya yake farawa, tambaya ƙarama wadda ƙafarka za ta iya kai ka inda amsarta take. Ɗan Galmi da ke karatun noma, me zai hana ya tambaya: cikin buhu goma na albasa da aka zuba a rudu, nawa ke ruɓewa kafin farashi ya tashi? Ƴar Tasawa ta bi masu ajiye wake a buhu mai ninki uku da masu zuba magani, ta ga wa ya fi tsira daga ƙwari. Ka san hanya, ka san harshe, mutane sun san iyayenka. Da ɗan gari akan ci gari.

Wani zai ce ai wannan ya yi ƙanƙanta ga jami'a. To, a dubi sassabin zamani. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram ke barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Duniya ba ta farga ba sai da masu bincike suka shiga gonaki suna ƙirga itace, suna gwada abin da suka gani da tsofaffin hotunan sama. Ƙirga ne fa kawai, amma na gaskiya.

Ga gwaji mai sauƙi: faɗi tambayarka da Hausa ko Zabarmanci, a jimla ɗaya, ga mahaifiyarka. In ba ta gane ba, kai ma ba ka gane ba, Faransanci ne ya rufa maka asiri. Daga nan sai karatu. Duba abin da aka riga aka rubuta a ɗakin karatu na jami'arku, ko na IRSH in kana Yamai. Alƙaluman jama'a suna INS, na ruwan sama suna AGRHYMET. Duk abin da ka ɗauko, rubuta sunan mai shi da shafi nan take, don mantuwa ce ƙofar sata.

Kada ka je wurin malamin da ke duba aikinka hannu rabbana kana cewa "a ba ni take". Je da shafi ɗaya: ga tambayata, ga inda zan je, ga waɗanda zan tambaya. A ƙauye kuma fara da gaida maigari, ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka, kada a ɗauka rabon tallafi ka zo yi. Gwada tambayoyinka a kan mutum biyar tukuna, za ka ga waɗanda ba su da kai.

Su ma malamai da nasu. Mun san ɗalibai sun yi musu yawa, amma neman ganin littafin da yaro ya yi rubutu a fili ba ya cin minti goma, kuma shi ke raba wanda ya je da wanda ya kwafa.

Daga 2010 zuwa 2014 kowace jiha ta samu jami'arta. Amfaninsu shi ne Tawa ta san Tawa, Difa ta san Difa. In ɗalibanmu ba su ƙirga albasarmu ba, wani zai zo daga waje ya ƙirga, mu kuma mu sayi littafinsa.