Wanda Ya Cinye Fadama Ya Cinye Miyar Gari

A cikin masu sana'a duka na ƙasar Hausa, da wuya a sami wanda a ke cin moriyarsa kullum, a ke kuma raina shi kullum, kamar mai lambu. Maɗinki sai salla ta gabato a ke cika rumfarsa, magini sai bango ya faɗi a ke tunawa da shi. Amma babu tukunyar miya da za a ɗora a gari, tun daga gidan sarki har gidan ɗan dako, wadda babu hannun mai lambu a cikinta. Duk da haka in ana lissafin manyan gari ba a ambatonsa, in an zauna shawarar yadda za a yi da ƙasa ba a aika masa. Da a baki rainin nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma ya kai ga ana karɓe fadamun da ke cikin gari da kewayensa, ana yanka su fegi-fegi ana sayarwa don gini. Wannan ɓarna ce babba, wajibi ne kuwa a hana ta da doka tun akwai sauran abin da za a tsare.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin aikin da a ke rainawa. Manomin tudu in ya kai gero da dawa rumbu ya sami sararin hutawa. Mai lambu kuwa lokacin nan ne aikinsa ya ke tashi. Da ruwa ya janye daga fadama sai ya sare ciyawa, ya kafce ƙasa, ya fasa ɓurji, ya ja fangali, ya zuba taki da toka. Albasa da tumatir da tattasai sai an yafa irinsu a wuri ɗaya, an rene su kamar mako biyar ko shida, sa'an nan a cire a dasa ɗaya ɗaya da hannu, mutum na sunkuye. Daga nan sai ban-ruwa. A dā da jigo a ke yinsa, watau doguwar sanda a kan gwafa, da curin laka a wannan kai, da guga a wancan, mutum ya wuni yana tsomawa yana juyewa. Tun daga 1993, da aka fara shirin raya fadama da taimakon Bankin Duniya, ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban-ruwa suka yawaita. Ƙugu ya huta, amma aljihu ya ɗauki nauyin sayen mai.

Ban da ƙarfi, akwai sani. Mai lambu ya san tumatir sanyin hunturu ya ke so, in zafin bazara ya kama shi sai fure ya zube ba 'ya'ya. Ya san in ya cika wa albasa ruwa dab da cira, ba za ta ajiyu ba. Ya san alayyafo cikin mako uku ko huɗu ya isa yanka, saboda haka da shi ya ke samun kuɗin cefane kafin manyan kaya su nuna. Wannan sani ba a kasuwa a ke sayensa ba. Ɗa ne ya ke koyonsa wurin uba, a bakin fangali, shekara da shekaru. Ran da aka tashi mutum daga fadamarsa ya koma tura baro ko gadin shago, sanin nan ya tafi ke nan.

Birnin Kano shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Sa'ad da Bature Kilafaton ya shigo Kano a 1824, ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 30,000 da 40,000, ya kuma rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in ƙasar da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna, ga Jakara ta ratsa tsakiyar gari. Mutanen dā da suka ja ganuwa ta zagaye gonaki ba wauta suka yi ba. Sun san garin da abincinsa ke waje, ran da aka rufe ƙofa ya shiga uku. Har cikin ƙarnin da ya wuce, jakuna su kan shigo birni da itace, su fita da mangalar shara da toka da kashin dabbobi, a kai gonakin kewaye a mai da su taki. Gari yana ba ƙasa, ƙasa tana ba gari. A ƙidayar 2006 mutanen ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye sun kai miliyan 2.8, sun kuma ƙaru ƙwarai tun daga nan. Bakunan da za a ciyar sun ninka sau da yawa, ƙasar da a ke noma ganyen miyarsu kuwa kullum raguwa ta ke yi.

Yaya a ke yi fadama ta suɓuce? Hanya biyu ce. Ta fari, mai lambu da yawa ba shi ne mai ƙasar ba, aro ya ke yi ko haya, babu takarda. In mai ƙasa ya rasu, magada suka ga kuɗin da dillalin filaye ya ajiye gabansu, sai a ce wa mai lambu ya kwashe kayansa, ko da kakansa ne ya fara haƙa rijiyar wurin. Ta biyu, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun Gwamna bisa amana, ta ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta tanada kuwa ta abin da ke kan ƙasa ce, watau gini da itatuwa da shuka. To, a duba yadda wannan ya ke faɗa wa mai lambu. Ƙasar da ya yi shekara talatin yana zuba mata taki har ta yi baƙi ta yi laushi, ranar da safiyo ya zo awo, abin da za a ƙirga masa shi ne latas da alayyafon da ke tsaye ran nan. Kuɗin girbi ɗaya a ke ba shi a madadin girbin sauran rayuwarsa da ta 'ya'yansa. Bayan an yanka fegi, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ya saya ya sayar ya ci riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu wannan aiki suna da hujjoji, ya kuwa kamata a saurare su a ba su amsa.

Sun ce mutane sun yi yawa, dole a sama musu wurin kwana. Gaskiya ne. Amma tudu bai ƙare ba, kuma a kan tudu magabata su ke gini. Fadama sunanta fadama domin nan ruwa ya ke kwanciya. In an cike ta da ƙasa an ɗora bulo, ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi wata hanya, hanyar kuwa ita ce ɗakin mutane. Kanawa sun ga wannan da idonsu game da kududdufai: kowane kududdufi da aka cike aka gina, unguwar da ke maƙwabtaka da shi ta san abin da ta ke gani a watan Agusta. Wanda aka sayar wa fegi a fadama an cuce shi kamar yadda aka cuci mai lambu, domin an sayar masa da gidan da danshi zai ci gindinsa, rijiyarsa da masansa su haɗu a ƙarƙashin ƙasa.

Sun ce kuma lambun cikin gari ba shi da sauran amfani, tun da ga motoci suna kawo kaya daga Kadawa da Kura da sauran wuraren da ruwan madatsar Tiga ya ke kaiwa tun da aka gama ta a 1974. Babu mai musun albarkar Tiga. Amma ba kowane kaya ne ya ke jure tafiya ba. Albasa ta kan yi tafiyar kwanaki daga Aleiro ko Galmi ta isa lafiya. Alayyafo da latas da lalo kuwa in an yanke su da asuba, kafin la'asar sun yi yaushi. Ko tumatir da a ke loda shi cikin kwanduna, ana ɗora wani kan wani, masana sun ƙiyasta kashi 40 cikin 100 ko fiye na abin da a ke nomawa a Nijeriya yana lalacewa kafin ya kai tukunya. Kowane mil da aka ƙara tsakanin fangali da murhu, an ƙara kuɗin mota an ƙara ruɓa, matar gida ce kuwa ta ke biya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata babban mutum ya ci giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace kowace rana. Talaka ba zai kusanci wannan ba sai kayan suna da araha, ba su kuwa yin araha sai lambu yana kusa.

Wanda ya ke son ganin halin garin da ya dogara ga nesa, ya tuna da ƙarshen Fabrairu na 2021, sa'ad da fataken abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu kamar mako guda, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun. Nan da nan tumatir da tattasai suka yi tsada a Ikko, a Arewa kuwa suka yi ta ruɓewa a hannun masu su. Ya kuma tuna da 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma su ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir, har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta. A shekarar ne aka buɗe babbar masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa, wadda aka gina don ta markaɗa tan 1,200 kowace rana, ba da jimawa ba injuna suka tsaya don babu abin markaɗawa. Ashe ƙarfe da kuɗi duk suna jiran mutumin nan mai taɓo a ƙafa.

Hujja ta uku ita ce ta fi zafi. Sun ce masu lambun cikin gari da ruwan ƙazanta su ke ban-ruwa, saboda haka tashinsu kiwon lafiya ne. Lalle ruwan Jakara da na Getsi ba ruwan kirki ba ne. Jakara ta ɗauko dagwalon birni, Getsi ta ɗauko na masana'antun Bompai, haka kuma Salanta da Challawa su ke ɗauke da na Sharaɗa da majemun Challawa. Masana na jami'o'i sun sha auna ganyayen da aka shayar da irin wannan ruwa, sun sami darma da sinadarin kuromiyam da a ke jima da shi. Wannan abin tsoro ne, ba a kuwa ɓoye shi. Amma wa ya zuba? Mai lambu ya tarar da rafi a inda kakanninsa suka bar shi, waɗansu suka sako masa guba daga sama. In yaro ya jefa mushe a rijiya, yaron a ke kamawa, a yashe rijiya. Ba a cike ta a kori masu ɗiba. Tashin mai lambu ba ya tsarkake ruwan, domin zai ci gaba da gangarawa har madatsar Wasai, inda a ke kamun kifi a ke kuma shayar da dabbobi. Inda mai lambu ya ke da nasa laifi shi ne in ya yi feshin magani yau ya tsinke kaya gobe ya kai 'Yan Kaba. Wannan a hana shi, a koya masa kwanakin da a ke jira, a hukunta wanda ya ƙi ji. Laifin feshi ba ya halatta ƙwace ƙasa.

Tsare lambu da doka ba sabon abu ba ne a duniya. A Ingila, inda ƙasa ta ke da tsada ƙwarai, dokar 1908 ta wajabta wa hukumomin gari su tanadi ƙananan filayen lambu in mazauna sun nema, dokar 1925 kuma ta hana hukuma sayar da irin filayen nan sai da yardar minista. Ƙasar masana'antu ke nan ta ga bai kamata bulo ya cinye kabeji ba. Ina dalilin da zai sa ƙasar manoma ta kasa?

Abin da ya wajaba ba shi da wuyar faɗa. Kowace jiha ta auna fadamun da suka rage a biranenta, a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato da sauransu, ta shata su a taswira, ta haramta ba da izinin gini a cikinsu. A ba masu noma su takardar shaida, ko da ta haya ce mai tsawon shekaru, yadda ba za a tashe su da baki kawai ba. In tilas ta sa an karɓi wuri don hanya ko asibiti, a ba mai lambu wata fadama a madadi, kada a sallame shi da kuɗin latas. A tilasta wa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi, wadda ta ƙi a rufe ta. Su kuma masu lambu su haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya, su rubuta sunayensu da iyakokin fangulansu, su kai wa mai unguwa da dagaci da ƙaramar hukuma tun safiyo bai zo ba, gama mutum ɗaya a ke kora da tsawa, mutum ɗari sai an zauna da su.

Magada kuma da su ke ɗokin sayarwa su yi lissafi da kyau. Kuɗin fegi sau ɗaya a ke karɓarsa, a yi biki, a sayi babur, ya ƙare. Fadama kuwa tana biya sau biyu ko uku kowace shekara, ta biya uba, ta biya ɗa, ta biya jika. Gida in ya rushe a kan tā da wani, amma fadamar da aka binne da ɓaraguzai aka malala mata siminti ba ta komowa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, in ji Hausawa. Kada masu mulkin gari su jira ranar nan kafin su san darajar wanda ya ke noma ta.