Wa ke gadin wayar mai bandar kifi?

Gwaggona bandar kifi take yi a Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Kafin 2023 ba ta san wata ajiya ba sai bakin zani. Da aka canja takardun naira tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, dillalan da ke lodin banda zuwa kudu suka ce sai dai taransfa, dole ta buɗe asusu. Ba a rufa wata biyu ba wani ya kira ta da Hausa zalla, ya ambaci sunanta, ya ce daga banki ne, za a rufe asusun in ba ta karanto lambobin da suka shigo wayarta ba. Ta miƙa wa jikanta ya karanto. Kafin la'asar kuɗin kwali huɗu na tarwaɗa sun bi ruwa.

Ita nake tunawa duk lokacin da manyan Abuja ke zancen kare intanet ɗin ƙasa daga masu kutse na ƙetare. Barazanar gaskiya ce. A Disamban 2024 EFCC ta kama mutum 792 a gini ɗaya a Legas, 148 daga cikinsu 'yan Sin. Dokar laifukan intanet tana nan tun 2015. A Mayun 2024 har Babban Banki ya ce a riƙa cire naira 5 a kowace dubu ta taransfa da sunan tsaro, sai da jama'a suka yi ca aka dakatar. Ka ji fa: so aka yi mai banda ta biya kuɗin gadi, mai gadin kuwa bai san hanyar garinsu ba.

Gargaɗin kada a ba kowa lambar yana jikin saƙon da ya shigo wayar gwaggona, amma da Turanci. Daga Shanga zuwa tsibiran Gungawa, masunci nawa ne zai karanta shi? Sunanta da lambar wayarta kuma, wa ya ba ɓarawon? Har yau ba wanda ya amsa mana.

Roƙona ga bankuna, su riƙa turo gargaɗin da murya, da Hausa. Masarautar Yauri kuma ta sa sarakunan ruwa da limaman Juma'a da masu POS su riƙa nanata magana ɗaya, musamman ranar kasuwa: banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri, duk wanda ya tambaya a kashe waya.