Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Lissafi Kafin Hayar Kwamfuta

A yau ɗalibin da ke zaune a unguwar Ƙofar Kaura cikin birnin Katsina yana iya ba da umarni ga wata ƙatuwar kwamfuta da ke Afirka ta Kudu ko Turai, ta yi masa aiki na sa'o'i, ya biya kuɗin haya, ba tare da ya taɓa ganinta ba. Wannan shi ne abin da masana ke kira aikin kwamfuta a gajimare, wato hayar na'urorin da ke jibge a manyan cibiyoyin kamfanoni ta hanyar intanet. Kamfanin Microsoft ya buɗe irin waɗannan cibiyoyi a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya biyo baya a 2020, Google kuma a 2024. Ƙofa dai ta buɗe, amma wanda ya shiga ba tare da lissafi ba yakan fito da hannu biyu a ka. Saboda haka ya wajaba malaman sakandare su koya wa ɗalibansu auna bukata kafin yin haya, domin wannan aunawa ita ce rabin ilimin.

Mene ne ƙarin horo?

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke fassara ko amsa tambaya ba komai ba ne face tarin lambobi masu ɗimbin yawa, waɗanda za a iya kira ma'aunai. Ana samun su ne ta hanyar nuna wa na'ura rubuce-rubuce masu tarin yawa, tana kintatar kalma ta gaba, ana gyara mata lambobin duk lokacin da ta kauce. Gina babbar manhaja tun daga tushe aiki ne na manyan kamfanoni, domin yana cin miliyoyin daloli. Abin da ya fi dacewa da ɗalibi ko malamin jami'a shi ne ƙarin horo: a ɗauko manhajar da wasu suka riga suka gina, a nuna mata misalai na Hausa dubu kaɗan, har ta ƙware a wani aiki guda. Kamar tela ne da ya iya ɗinki, aka zo aka koya masa aikin wuyan babbar riga.

Ba zancen mafarki ake yi ba. A 2022 ayarin masu bincike ƙarƙashin jagorancin Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano ya fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga cikin harsunan Hausa, Ibo da Yarbanci, da kimanin 14,000 a Turancin buroka, an tantance kowane saƙo ko yabo ne, ko suka, ko tsaka-tsaki. Da irin wannan tari ake yi wa manhaja ƙarin horo, kuma yana nan kyauta ga duk mai bukata.

Lissafin farko: girman kaya

Ɗan kasuwar da ya sayi buhun gero biyu ba ya hayar tirela, wanda ya sayi buhu ɗari uku kuma ba ya tsayar da Keke Napep. Haka lamarin yake a nan. Ana yin horon ne a kan wani kati na musamman da aka fara ƙerawa domin zana hotunan wasannin kwamfuta, daga baya aka gane yana iya yin dubban lissafai a lokaci guda. Abin da za a fara tambaya game da kowane kati shi ne faɗin ƙwaƙwalwarsa. Katin T4 na kamfanin Nvidia, alal misali, yana da gigabait 16.

To, a ɗauki manhaja mai ma'aunai biliyan 7. Idan kowane ma'auni ya ci bait 2, ɗora ta kawai a kan kati zai cinye gigabait 14. Idan kuwa ana so a gyara dukkan ma'aunanta, to kowanne yana bukatar kimanin bait 16, saboda na'ura tana riƙe da lissafin gyare-gyaren da take yi. Biliyan 7 sau 16 ya ba da gigabait 112, wato aƙalla katin T4 guda bakwai. Wannan ninkawa ce da ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare zai iya yi a kan allo, amma rashin yin ta ya sa mutane da yawa suna kama hayar abin da ba zai ɗauki kayansu ba, ko abin da ya ninka bukatarsu.

Akwai dabarun rage nauyi. A 2021 masu bincike na Microsoft suka fito da dabarar LoRA, inda ake barin ainihin ma'aunan yadda suke, a horar da wasu 'yan ƙalilan da aka liƙa musu a gefe. A 2023 kuma masana a Jami'ar Washinton ta Amurka suka haɗa wannan da matse kowane ma'auni zuwa rabin bait, har suka horar da manhaja mai ma'aunai biliyan 65 a kan kati guda mai gigabait 48. Bisa wannan matsi, manhajar nan mai biliyan 7 za ta koma kimanin gigabait uku da rabi.

Fiye da haka, ba kowane aiki ne ke bukatar babbar manhaja ba. AfriBERTa, wadda aka gina a Jami'ar Waterloo ta Kanada a 2021 da rubutun harsunan Afirka 11, har da Hausa, ma'aunanta ba su kai miliyan 130 ba, rubutun da aka horar da ita da shi kuwa bai cika gigabait ɗaya ba. Duk da haka ta yi kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suka fi ta girma wajen rarraba labarai da gane sunaye. Ƙarin horonta ba ya wuce ƙarfin katin da Google Colab da Kaggle kan ba da aro kyauta na ɗan lokaci. Daga nan ya kamata kowane ɗalibi ya fara.

Lissafi na biyu: lokaci da kuɗi

Kwamfutar haya ba ta san an ɗauke wuta a Katsina ba. Wannan shi ne alherinta, domin aiki yana ci gaba ko da wayar mai aikin ta mutu. Shi ne kuma haɗarinta, domin mitar kuɗi tana juyawa muddin na'ura na kunne, ko tana aiki ko tana zaune. A ƙaddara ana biyan dala 1 a sa'a, ana kuma canjin dala a kan naira 1,500. Ɗalibin da ya tashi zuwa masallaci da ƙarfe biyu na ranar Juma'a bai kashe na'ura ba, ya dawo ƙarfe takwas na safiyar Litinin, ya tara sa'o'i 66, wato naira 99,000 a banza. Tun da aka saki naira a kasuwar canji a watan Yuni na 2023, irin wannan sakaci ya ƙara tsada ƙwarai.

Maganin abu huɗu ne. Na farko, a sanya iyakar kuɗi da saƙon gargaɗi tun kafin a kunna komai. Na biyu, a gwada aikin da misalai ɗari kacal, a ga yana tafiya, a auna mintocin da ya ci, sannan a ninka a san kuɗin duka. Na uku, a umarci manhaja ta riƙa ajiye inda ta tsaya lokaci-lokaci a wata ma'adana ta dabam. Wanda ya yi haka yana iya kama hayar rarar na'urorin da kamfanoni ke sayarwa da rahusa mai yawa, ko da yake sukan karɓe su da ɗan gajeren gargaɗi, na Amazon minti biyu ne. Na huɗu, idan an gama a kwashe sakamako, a kashe na'ura, a kuma goge ma'adanar da ba a bukata, domin ita ma ana biyan hayarta.

Abin da masu suka ke cewa

Wasu za su ce haya bauta ce: kuɗi yana fita waje da dala, bayanan jama'a ma suna fita. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe da bayanan mutane, saboda haka bai kamata malami ya ɗora sunayen ɗalibansa ko sakamakon jarrabawarsu a na'urar haya ba sai ya cire duk abin da zai bayyana su. Gaskiya ne kuma cewa wanda zai yi aiki dare da rana shekara guda, saye ya fi masa haya. Ranar da bukata ta kai haka, zai kyautu Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina su haɗa ƙarfi su mallaki na'ura ta tarayya. Sai dai ba za a san ranar ta zo ba sai an riƙa rubuta sa'o'in da ake ci. Wanda ya sayi kati mai tsada bai tanadi wuta da sanyi da mai kula ba, ya sayi kayan ado ne kawai.

Kammalawa

Ƙofar Kaura ta samo sunanta ne daga sarautar Kaura, jagoran mayaƙan Katsina, kuma babu jagoran da ke fita fagen daga bai ƙidaya dawaki da guzuri ba. Malamin lissafi ko na kwamfuta ba ya bukatar ɗakin gwaji kafin ya fara wannan darasi. Allo da alli sun isa: ma'aunai nawa, bait nawa, sa'a nawa, naira nawa. Ɗalibin da ya iya amsa waɗannan tambayoyi huɗu zai iya koya wa na'ura Hausa da kuɗin da bai fi ƙarfin mahaifinsa ba, harshen kuwa yana matuƙar bukatar irinsa.