SHARHI: Gwajin laktet, awon jinin da ke tona asirin ciwo kafin majinyaci ya galabaita

Duk damina, ɗakunan yara a asibitocin arewacin Najeriya kan cika da masu zazzaɓin cizon sauro. A cikinsu akwai waɗanda a ido ba su fi sauran jigata ba, alhali gaɓoɓinsu sun fara rasa iskar oksijin. Gano irin wannan yaro da wuri shi ne aikin gwajin laktet.

Idan jini bai kai wa tsoka da sauran sassan jiki isasshiyar oksijin ba, jiki kan ƙona sukari ta gajeriyar hanya, ya bar wani sinadari mai suna laktet. Hanta ce ke kwashe mafi yawansa. A jikin mai lafiya ba ya wuce milimol 2 a kowace lita ta jini, kuma yakan haura tun ƙarfin bugun jini bai faɗi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya milimol 5 zuwa sama cikin alamomin maleriya mai tsanani, domin jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga sukan liƙe a ƙananan jijiyoyi su tare hanya, ga kuma ƙarancin jini. Haka nan tun 2016 likitoci suka sa laktet da ya haura 2 cikin ma'aunin gane mafi munin matakin sefsis, yanayin da jiki ke lalata gaɓoɓinsa garin yaƙar ƙwayoyin cuta. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa sefsis ta yi ajalin mutum miliyan 11 a 2017 kaɗai.

Sai dai lambar da na'ura ta nuna ba ta faɗin dalili. Jijjiga, ciwon hanta, maganin ciwon sukari na metformin, har da allurar adirenalin da likita ya yi da hannunsa, duk suna ɗaga laktet. Kuskuren da aka fi gudu shi ne a ga lamba ta hau, a ɗura wa majinyaci ruwa babu lissafi. Binciken FEAST da aka yi kan yara fiye da 3,000 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya ya girgiza likitoci a 2011: cikin waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa da gaggawa, kimanin kashi 10.5 cikin ɗari sun rasu a awa 48, a kan kashi 7.3 na waɗanda ba a yi wa ba. Dole aka dakatar da binciken kafin wa'adinsa.

Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko sisi. A danna kan yatsan majinyaci na daƙiƙa 10, a saki, a duba ko launinsa zai dawo cikin daƙiƙa 3. Binciken ANDROMEDA-SHOCK da aka wallafa a 2019 ya gwada wannan dabara da awon laktet a kan majinyata 424 a Kudancin Amurka. Kashi 34.9 suka mutu a rukunin yatsa, kashi 43.4 a rukunin laktet. Bambancin bai kai a yanke hukunci da shi ba, amma ya isa ya nuna cewa idon ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya ba abin rainawa ba ne.

A nan maganar ta zama ta siyasa. Ƙaramar na'urar laktet ta hannu tana kama da ta gwajin sukari, kuma kamar waccan, ba ta da amfani ranar da tsinkayen gwajinta suka ƙare. Sayen na'ura yana da biki da hoto, sayen tsinkaye kowane wata kuwa babu mai yanka masa kintinkiri. Najeriya ce ta karɓi baƙuncin taron Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafin kuɗi, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Saboda haka idan kwamishinan lafiya ya yi shelar sabbin kayan gwaji, abin da ya kamata a tambaye shi shi ne nawa aka ware wa tsinkaye, tukunyar oksijin nawa ke aiki, da kuma leda nawa ta jini ke ajiye domin yaron da gwajinsa ya nuna 5 da tsakar dare.